Wankin ƴan tsanar yara a Yamai: wuyar aikin tana wajen shanya

Yawancin ƴan tsana masu laushi da ke hannun yaranmu a nan Yamai, wato irin waɗanda aka ɗinka da yadi mai gashi aka cusa musu auduga ko soso a ciki, ba sababbi muke sayensu ba. Cikin dilar gwanjo suke zuwa tare da tufafi da labule, a baje su a kasuwar Wadata ko Katako ko a bakin titi, uwa ta zaɓi wadda ta kwanta mata a rai, kafin ta ajiye jakarta a gida yaro ya riga ya sa kunnen abin a baki. Ba mu san hannun da ta fito ba, ba mu kuma san watannin da ta yi a ɗaure cikin dila ba, saboda haka a ganina wankin farko wajibi ne tun kafin a miƙa wa yaro, ko da kuwa tana ƙamshi.

Kafin ruwa ya taɓa ta, sai a fara duba ɗan ƙyallen bayani da ake ɗinkawa a gefe ko a ƙasanta, idan ba a yanke shi ba. Hoton baho mai lamba 30 ko 40 a ciki yana nuna iyakar zafin ruwan da za ta iya ɗauka, baho mai hannu a ciki yana nufin wankin hannu kaɗai, wanda aka soke da gicciye kuma yana nufin kada a jiƙa ta sam. Dokar kayan wasa ta Tarayyar Turai ta shekarar 2009 ta wajabta cewa duk abin wasan yadi da aka yi don yaron da bai kai wata 36 ba ya zama mai wankuwa, sai fa idan akwai na'ura a cikinsa da ruwa zai lalata, don haka ƴar tsanar jarirai mai alamar CE ta gaskiya, wato tambarin da ke nuna kaya sun bi dokar Turai, galibi tana jure wanki. Daga nan sai a mammatsa cikinta da hannu a ji ko akwai akwatin batir, domin masu kuka da masu waƙa suna da shi, kuma dole a cire shi. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli ya fi komai haɗari a cikin waɗannan kaya, saboda idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin sa'o'i 2 kacal, kuma wannan magana ce ta garzayawa likita nan take. A ja idanu da hanci da duk wani ado a ga ko suna motsi, a ɗinke duk inda zare ya saki, domin ruwa yana ƙara buɗe ɓarakar da aka bari.

Wankin kansa ba wani abin wahala ba ne. A kakkaɓe ƙurar a waje tukuna, a zuba ruwa mai ɗan ɗumi a baho, a narkar da sabulu kaɗan mara ƙarfin ƙamshi, irin wanda ake wanke kayan jarirai da shi, sannan a tsoma ta a riƙa dannawa ana saki har dattin ya fito. Ba a cuɗa ta kamar zane, ba a kuma murɗe ta, saboda murɗa tana tara audugar ciki wuri guda ta karkatar da wuya da ƙafafu. Mai ja ko mai shuɗi a gwada da farin ƙyalle mai laima a ga ko tana zuba kafin a haɗa ta da wasu. Ɗauraya ce take son haƙuri, domin omon da ya saura a ciki shi ne yaro zai tsotsa gobe, don haka a yi ta canza ruwa har kumfa ta daina fitowa idan an danna. Ni ban yarda da jabel, wato ruwan bilic mai faranta kaya, a wannan aiki ba, yana cin launi yana kuma barin wari, kuma idan aka haɗa shi da binega ko wani ruwan goge-goge yana fitar da iska mai guba. Wadda take da injin wanki ta sa ƴar tsanar cikin rigar matashi ta ɗaure bakin, ta zaɓi wanki mai sauƙi. Idan an gama a zubar da ruwan bahon nan da nan, don yaro mai rarrafe yana iya nutsewa cikin ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba.

Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda suke zama cikin katifa da matashi da ƴan tsana, suna cin ɓurɓushin fatar mutum, kuma kashinsu yana tayar wa wasu yara da asma da atishawa. Ruwa mai zafin digiri 60 yana kashe su, amma irin wannan zafi yana iya narkar da gam ɗin da ya riƙe idanu, ya kuma cukurkuɗe gashin roba har abada. Mafita ita ce a ƙulle ƴar tsanar cikin leda a sa ta a ɓangaren ƙanƙara na firiji na tsawon sa'o'i 24, in dai wuta ta zauna, sannan a wanke da ruwan ɗumi, domin sanyi yana kashe su ne kawai, ruwa ne yake fitar da abin da suka bari. Waɗannan halittu daga laimar iska suke samun ruwa, shi ya sa damina ce lokacinsu a wurinmu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen shanya. Zafin garinmu yana yaudarar mutum, domin gashin waje yakan bushe cikin ɗan lokaci alhali cikin yana nan sharkaf, kamar malmalar tuwon da bayanta ya huce cikinta na ƙuna. Yaro kuma yana tsaye yana cewa, “Inna, ta bushe, ki ba ni,” uwa ta shafa ta ji babu laima ta miƙa masa, ya kwana rungume da ita. Fumfuna tana iya fara tsirowa a cikin abu mai laima cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma a cikin auduga take yi inda ba a gani, sai dai a ji wani wari na ruɓa-ruɓa yana tashi, wanda turare ba ya magance shi. Abin da ya kamata shi ne a naɗe ta cikin busasshen tawul a danna da ƙarfi ruwan ya koma cikin tawul ɗin, a sake da wani tawul, sannan a shimfiɗa ta a kan abin da iska ke ratsawa ta ƙasa, kamar kifaffen kwando ko raga, ana juya ta lokaci zuwa lokaci. Rataye ta a igiya ta kunne ko ta hannu yana sa nauyin ruwa ya ja ɗinkin ya saki.

Kowane lokaci na shekara da irin matsalarsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, bushewa ba ta da wuya, amma ranar tsaka tana koɗar da launi tana ƙeƙasar da gashi, don haka hantsi ya ishe ta, daga nan a mayar da ita inuwa mai iska. Da hunturu iska a bushe take, sai dai ƙura tana manne wa jiƙaƙƙen gashi ta mayar da farar ƴar tsana ja, gara a shanya a ɗaki ko a baranda gaban fanka. Damina ce ta fi wuya, musamman watan Agusta da ruwa ya fi sauka a Yamai, domin babbar ƴar tsana mai soso tana iya cin kwana biyu ko fiye ba ta bushe ba, kuma ni a wannan wata nakan jinkirta wankin manya in ba dole ba, in goge wurin da ya ɓaci da jiƙaƙƙen ƙyalle kawai. Kada kuma a shanya a ƙasa ko a kan yashi, saboda akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da yake yin ƙwai a ƙasa da kan kaya masu laima, musamman masu warin fitsari, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta yi ƙurji kamar maruru. Tufafi ana kashe ƙwan da dutsen guga, amma ƴar tsana mai gashin roba ba ta goguwa.

Hanyar gane ta bushe ita ce a nutsa yatsa a inda ya fi kauri, wato ciki da kai, a riƙe na ɗan lokaci, sannan a sansana. Idan an ji sanyi ko nauyin da ba a saba ji ba, da saura.

Waɗanda telolinmu suke ɗinkawa su cusa musu guntayen yadi ko audugar rimi, ban ba da shawarar a jiƙa su gaba ɗaya ba, domin irin wannan cushe yana dunƙulewa yana daɗewa da laima. A farke ɗinkin baya, a fitar da abin da ke ciki a baza shi a rana, a wanke rigar ita kaɗai, idan ta bushe a mayar a ɗinke. Haka nan idan ƙazuwa ko ƙwarƙwata ta shiga gida, abin da ba zai jure ruwan zafi ba a ƙulle shi cikin leda a ajiye, domin ƙwayar ƙazuwa ba ta wuce kwana 2 zuwa 3 a raye idan ta rabu da jikin mutum, ƙwarƙwata kuwa saboda ƙwanta akan bar ledar mako 2. Wadda fumfuna ta riga ta kama cikinta, wanki ba zai gyara ta ba, sai dai a zubar da tsohon cushen a kai wa tela ya sa sabo, in kuma baƙin ya kama yadin kansa, a jefar da ita a inda yaro ba zai je ya tsinto ba.