Ƙofar bayan da na ƙi bi

Bara na haɗa wa wata mai sayar da atamfa manhajar karɓar oda. Komai lafiya sai abu ɗaya: da allon rubutu ya taso, sai ya rufe gurbin lambar waya. Matsalar daga tsarin wayar take. Kwana uku ina fama, sai na gano wata ɓoyayyiyar hanya da masu tsarin suka ajiye don amfanin kansu. Layi biyu kacal na umarni na ƙara wa manhajar, matsalar ta kau.

Na kwana ina juya abin a raina, gari ya waye na goge su. Ba wanda ya yi mini alkawarin ƙofar nan za ta zauna a buɗe. Tun Android 9 a 2018 Google ya fara toshe irin waɗannan hanyoyi, Apple kuma ya hana su a ƙa'ida ta 2.5.1 ta App Store, kasuwarsa ta manhajoji. Amma Hajiya mai atamfar ce ta fi tsaya mini a rai. In sabunta tsarin wayar ya karya manhajar ana gab da Sallah, lokacin da ciniki ya kankama, kuɗinta ne zai salwanta.

Na sake fasalin shafin, na ɗaga gurbin sama, na aika rahoton matsalar. Aikin ya ci mini mako guda.