Kafin Ku Sauka Kwarin Havasu

Ƙannena, musamman ku da karatu ko neman abinci ya kai Amurka, idan abokai suka ce a saɓa jaka a tafi Havasu a kwana cikin tanti, ina so ku fara jin kurakuran da na tafka a can.

Wurin yana jihar Arizona, reshe ne na babban kwarin da ake kira Grand Canyon, kuma ƙasar ƙabilar Havasupai ce, don haka ba a shiga sai da izininsu, wanda ake nema tun da sauran watanni. Mota tana tsayawa a Hualapai Hilltop, daga nan sai ƙafa: kimanin kilomita 13 zuwa ƙauyen Supai, inda har yau alfadarai ne ke kai wasiƙu, sannan wasu kilomita 3 zuwa masauki. Babu ruwan sha a hanya sai an isa ƙauyen.

Mu biyar muka tafi, kuma ni na hana a tashi da wuri, ina cewa wanda ya sha ranar bazara a gida ba zai ji tsoron ta Amurka ba. Sai ƙarfe tara muka kama hanya, ina ɗauke da lita biyu kacal. Abin da ban lissafa ba shi ne, a gida mutum yakan fake a inuwa idan rana ta take, ba ya tafiya cikin tsakuwa da kaya a baya tsakanin jajayen duwatsu masu mayar da zafi kamar tanderu. Kafin azahar ruwanmu ya kusa ƙarewa, ɗaya daga cikinmu ya fara jiri da amai, dole muka raɓe a gindin dutse har la'asar muna yi masa fifita. Ku tashi da tocila tun da duhu, ku yi sallar asuba a hanya, kowa ya riƙe aƙalla lita huɗu da ɗan abu mai gishiri. Kada ku sa sabon takalmi, domin nawa ya sale mini dugadugai.

Da muka ga ruwan Havasu yana zubowa daga tsayin kusan mita 30, launinsa tsakanin shuɗi da kore saboda farar ƙasar da ta narke a cikinsa, sai na kafa tantinmu dab da bakin rafi don in kwana ina jin ƙararsa. Wani mai kula da masaukin ne ya nuna mana tudu, ya ce mu san hanyar hawansa tun da ido na gani. Ya kamata a ce ni na fara tuna wannan, domin duk wanda ya san koramun Agadez ya san ruwan da aka yi a kan duwatsu masu nisa yana iya cika busasshen kwari alhali sama garau take a inda kake. Ambaliyar Agustan 2008 ta sauya wa rafin hanya, ta Agustan 2024 kuma ta ci ran wata mata, aka kwashe mutum fiye da 100 da jirgi mai saukar ungulu. Daga Yuli zuwa Satumba haɗarin ya fi yawa. Da zarar ruwan ya koma jaja-jaja, ku bar kaya ku hau tudu.

Kuskuren da ya fi ci mini rai ya faru ne a Mooney, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin kusan mita 60, kuma ba a isa ƙasansa sai an ratsa ƙananan koguna biyu, an bi sarƙoƙi da tsanuka masu santsin feshin ruwa. Abokina ya faɗa mini a fili cewa yana tsoron tsayi, ni kuwa na yi ta zuga shi a gaban mutane har kunya ta sa ya biyo ni. A tsakiyar dutsen ƙafafunsa suka ɗauki rawa, ya ƙanƙame sarƙa, ya kasa gaba ya kasa baya, jama'a sun yi layi a samansa. Sai da wani baƙo ya riƙa nuna masa inda zai sa ƙafa, taki bayan taki, sannan ya koma sama. Idan ɗayanku ya ce ba zai iya ba, ku karɓi maganarsa a karon farko, wani ya zauna tare da shi. A daren na nemi gafararsa ya ce ba komai, amma ranar fita, tun daga masauki har Hilltop, da wasu ya jera.