Addu'ar asuba a gidanmu na Zuru

Makon jiya na je Zuru duba Mama. Ƙarfe biyar na asuba sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina: "Tashi, lokacin addu'a ya yi." Muryar nan ba ta canza ba tun ina ɗan firamare.

Muka zauna a tabarma a tsakar gida, ita da jikokinta uku da ni. Ta ɗauko Littafi Mai Tsarki na marigayi Baba, wanda bangonsa ya tsufa har an ɗaure shi da roba. Idonta ya raunana, don haka ta miƙo mini ta ce in buɗe Zabura 121. Ina karantawa da hasken tocila, tana bi da ka, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba.

Da muka zo Addu'ar Ubangiji, wadda ke Matiyu sura 6, wajen roƙon abincin yini sai hawaye ya zubo mini. Na tuna daminar da rumbunmu ya ƙare tun watan Agusta, dawa ba ta nuna ba. A kan wannan tabarmar Mama ta riƙa jan mu muna faɗin kalmomin nan, cikinmu babu komai.

Gaskiya na ji kunya. A Birnin Kebbi waya nake fara dubawa idan na farka, yarana kuwa ba su iya addu'ar da ka ba.

Mun fara jiya Litinin, ni da maiɗakina. Autarmu ta yi barci tun kafin a ce Amin.