Boda da Inuwa a Sakin Layi: Aikin Takardar Jarrabawa

Wata makarantar Islamiyya a Gwale ta kawo mana takardar jarrabawa shagonmu, suna so umarnin da ke sama ya zauna cikin akwati mai ɗan duhu, don kada yaro ya tsallake shi. A Microsoft Word na yi aikin.

Na ajiye kasa (cursor, 'yar sandar da ke ƙyaftawa inda ake rubutu) a cikin sakin layin ban zaɓi ko kalma ɗaya ba. A ƙarƙashin Home na danna 'yar kibiyar da ke gefen Borders, na sauka kan Borders and Shading. Na ɗauki Box, kaurin layi 1 pt (pt ma'aunin kauri da tazara ne a Word), domin ½ pt da yake zuwa da shi kan dishe a injin fotokwafi. Sai a duba Apply to da kyau. Idan ka zaɓi rabin jimla kafin ka shiga, yana komawa Text, sai boda, wato layin akwatin, ta kewaye kalmomin kawai, layi-layi, abin ba kyan gani. Paragraph ake so.

Rubutun ya manne wa layin sama da na ƙasa, saboda tazarar da Word ke bari 1 pt ce a can, 4 pt a hagu da dama. A Options na mayar da duka huɗun 6 pt. Iyakarsa 31.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne layi na uku na umarnin, wanda na raba da Enter ya zama sakin layi na kansa. Na tura shi ciki kaɗan, nan take akwatin ya rabu biyu. Boda tana bin sakin layi ne da gefensa, don haka sakin layi biyu ba sa haɗa akwati ɗaya sai gefensu ya zo daidai. Na mayar da shi yadda yake, suka haɗe. Haka kuma duk Enter da ka danna a ƙarshe, akwatin ke biyo ka ƙasa. Ctrl da Q a sabon layin suna cire shi.

Maganar inuwa, wato launin da ke bayan rubutu, allon kwamfuta yana ruɗi. Shuɗin da ya yi kyau a allo, firinta mai baƙi da fari ta fitar da shi kamar gawayi, ga cin tona, kuma kowa a Kano ya san kuɗin tona yanzu. A Shading na koma Fill na ɗauki toka-toka mafi haske, na bar Patterns a Clear. Ɗige-ɗigen Patterns suna cakuɗewa da haruffa idan aka yi kwafi, musamman ƙ da ɗ, ƙugiyarsu ta ɓace.

Kafin in buga kwafi 200, na fitar da ɗaya, na yi fotokwafinsa, na sake yin fotokwafin wancan, tunda na san malamai za su ƙara daga wanda ke hannunsu. Na ukun ya karantu sarai, sannan na saki sauran.