Na dawo lafiya daga Peru, ga godiyata

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, jiya na kwana a ɗakina a Kano bayan mako uku ina yawo a kudancin ƙasar Peru, daga ni sai jakar goyo, daga wannan bas in faɗa waccan. Waɗanda suka kira ko suka turo saƙo ban amsa ba, ku yafe mini, akwai kwanakin da ko wayar ba na iya ɗagawa.

Bayan Allah, godiyar farko ta Hajiya ce. Ranar da na gaya mata zan tafi ni kaɗai, ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta tambaye ni wa na sani a can. Na ce babu kowa. Ta ce to Allah ya haɗa ni da mutanen kirki. Hajiya, addu'arki ta kama ni, yanzu zan lissafa miki su, ko da yake ban san sunan ko ɗaya ba.

Daga Lima zuwa Arekipa wajen awa 16 ne a bas, hamada a hagu, teku a dama. Arekipa gari ne da aka gina da farin dutse, tudunsa ya kai mita 2,300, ga tsaunin Misti ya tsaya masa a ka. Can ban ji komai ba, har na fara yabon kaina. Na taɓa zama a Jos, wadda ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba, sai na ɗauka ai na san tudu.

A hanyar Cibai, garin da ake bi a shiga kwarin Kolka, na raina kaina. Bas sai ta haura Patapampa, mita 4,910, inda iskar da mutum ke shaƙa ba ta fi rabi da ɗan ɗoriya na wadda ake samu a bakin teku ba. Kai ya ɗauki sara, zuciya na tashi, numfashi ya ƙi cika ƙirji. Su suna kiran abin soroce. Wata dattijuwa mai hula da ado na zare, wadda muke kujera ɗaya, ta dube ni sau ɗaya ta gane. Ta zuba mini sifirit irin na asibiti a tafin hannu ta nuna in shaƙa, ta ba ni ganyen koka in tauna (kar a tsorata, ganyen a can kamar goro yake a wurinmu, har shayinsa ake ba baƙo), ta kuma lulluɓe mini ƙafa da mayafinta. Ita harshen Kecuwa take ji, ni Sifaniyancina bai kai kalma goma ba. Har muka sauka ba mu fahimci juna da baki ba. Baiwar Allah, Allah ya saka miki.

Ma'aikaciyar jinyar da ta sa mini iskar oksijin a Cibai, ta kuma rubuta a wayata cewa in kwanta kwana biyu kafin in motsa, na gode. Na bi maganarki, duk da ya ci mini kuɗin masauki.

Kwarin Kolka ya cancanci wahalar. Zurfinsa ya haura mita 3,000. Da safe kusa da Kabanakonde na tsaya ina kallon kondo, wata ƙatuwar ungulu da fikafikanta kan kai mita uku, tana shawagi ƙasa da ƙafafuna. Mu da muke korar ungulu a mahauta, ga shi na biya kuɗi don in ga yayarta. Gangarawa Sangaye, wani ɗan dausayi a can ƙasan kwarin, ba ta yi mini wuya ba. Fitowa ce aiki, hawa na sama da mita 1,000. Na kama hanya bayan Asuba, ban kai rabi ba gwiwoyi suka ce sun gama. Mai alfadarin da ya same ni zaune a kan dutse ya ga babu yadda zan yi, amma bai ƙara mini ko kwabo a kan kuɗin da kowa ke biya ba. Da a wani wurin ne, na san da na ji a jikina.

Sai matan kasuwa da suka riƙa girgiza mini kai idan akwai alade a tukunya, suna nuna mini kifi, miyar kinuwa (wani hatsi mai kama da acca), ko dafaffiyar masara mai manyan ƙwayoyi da cuku. Sai direban da ya jira ni a La Raya, tsakanin Puno da Kusko, har na sallame salla, bayan alwala da ruwan da ya kusa tsinke mini yatsu.

Tafkin Titikaka da Kusko na gan su a gurguje. Masu tambayar Macu Picu, tsohon garin nan na kan tsauni da ake zuwa gani, ban je ba, aljihu ya ƙare. Yaya, kuɗin da ka turo cikin dare ba tare da tambaya ba su suka mayar da ni Lima, kuma bashi ne, ko ka ce ka yafe.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci akwai 'yar sadaka a gida, duk wanda ya samu dama ya zo. Hajiya, rigar sanyinki ta gashin alfaka (wata dabbar can mai yawan gashi) tana ƙasan jaka, sai dai ki jira hunturu.