Yadda firij ya cinye mini gahawa kilo guda

Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba a wajen suya na faɗi ba. Ɗanyar gahawa kilo 2 wani abokina direba ya kawo mini tsaraba daga Gembu, can tsaunin Mambila. Na soya rabi a kasko ran wata Asabar a gidanmu da ke Unguwar Rogo a Jos, ta yi tas-tas ɗin farko, wato ƙarar da ƙwayar ke yi in zafi ya fara tsaga ta, na ɗan ƙara mata wuta, na juye a faranti na fifita har ta huce. Da na ɗora a sikeli ta koma wajen giram 850, dama haka take ragewa. Ƙamshi har zaure.

Sai na zuba a leda mai zif, na matse baki, na kwanta ina jin kaina gwani. Da asuba na tarar leda ta kumbura tim, kamar yara sun hura balan-balan. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, ruɓewa ta fara. Na buɗe ledar, kuma wai don kada ta ƙarasa lalacewa, na cusa ta cikin firij, baki a wangale, kusa da kwanon miyar kuka da yankakkiyar albasa.

Kwana uku ta yi a wurin. Da na niƙa na dafa, kurɓar farko daddawa na ji. Uwargida ta ɗanɗana, ta dube ni ta ce, "Baban Abba, wannan da tuwo za a sha ta ko da burodi?"

Abin haushin, kumburin nan da ya firgita ni ba cuta ba ne. Iskar kabon dayoksaid ce da zafin suya ke tarawa a cikin ƙwayar. Tana fita da ƙarfi a kwana ɗaya zuwa biyun farko, sannan ta ci gaba da tsiyaya a hankali har makonni, kuma wadda aka soya ta yi baƙi sosai ta fi saurin sakinta. Iskar nan ce ma ke kore iskar waje, wadda ke sa gahawa ta yi lami. Wato da hannuna na kori mai gadi na buɗe wa ɓarawo ƙofa. Soyayyar ƙwaya kuwa kamar soso take, duk wari da danshin da ke kusa sai ta zuƙe. Ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa, firij na ta gumi. Kuma a Jos, fisabilillahi, cikin hunturu, me ya kai ni neman sanyin firij?

Ragowar kilon ban yarda na soya a tashi ɗaya ba, giram 250 nake yi. In ta huce sarai sai in zuba a busasshiyar kwalba, in ɗora murfi ba tare da na ɗaure ba, ta kwana haka. Washegari in ɗaure, kullum da safe in ɗan murɗa, ta yi fiss, in mayar. Kwalbar tana cikin kabad mai duhu, nesa da risho da kayan yaji. Masu sayar da ta kanti jaka suke sawa mai ɗan maɓalli da ke barin iska ta fita ba ta shiga. Wanda ya samu irinta ya huta da murɗe-murɗe.

Haƙurin jira ne ya fi ba ni wuya. Ranar farko in ka zuba mata ruwan zafi kumfa kawai take tashi, ruwan bai ratsa garin sosai, ɗanɗanon ya fito da kaifi. A bakina sai kwana na huɗu take zama daidai. Kuma ba na niƙa sai abin da zan sha nan take, don gari ya fi ƙwaya saurin zubar da iska da ƙamshi.

Waccan ta farkon, uwargida ta hana a zubar. Ta juye ta a kwano ta mayar cikin firij, wai tunda ta iya shanye wari, ta ci gaba da aikinta.