Ranar da jerin fayilolina ya ɓace daga ƙasan allo

Talata, da dare.

Rabin wunina yau ya tafi a kan abin da ban taɓa sanin na dogara da shi haka ba. Da safe na kunna kwamfuta, na kai linzami kan tambarin Word da ke sandar ƙasan allo, na danna ɓangaren dama kamar kullum. Abin da na saba gani shi ne jerin takardun da na buɗe kwanan nan ya taso, na zaɓi rahoton da nake rubutawa, na ci gaba daga inda na tsaya. Yau wayam! Sai sunan manhajar kawai da zaɓin cire ta daga sandar. Na gwada Excel, shi ma haka.

Gabana ya faɗi, don na zaci fayilolin ne suka goge. Na fi wata uku ban bi folda bayan folda na nemi rahoton nan ba, ta jerin kawai nake shiga, har na manta inda na ajiye shi. Tun 2009 da Windows 7 ta zo da wannan jeri hannuna ya saba da shi. Abin da ya kwantar min da hankali, ashe Word tana da nata jerin a ciki, daban da na sandar. Na buɗe ta, ga rahoton nan lafiya lau. Sai da na rubuta adireshinsa a takarda kafin na taɓa komai.

Na fara da mai sauƙi. Na danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager, wato tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, ya buɗe, na sake tayar da Windows Explorer, wanda shi ke tafiyar da sandar. Sandar ta ɗauke ta dawo, jerin bai dawo ba.

Sai na tuna ƙanena ya yi aiki da kwamfutar jiya da dare. Na kira shi.

"Yaya, wallahi ban goge miki komai ba. Na ga tana nauyi ne na sa mata manhajar share tarkace."

"To me da me ka zaɓa a ciki?"

"Duk abin da ta nuna min na ce ta share."

Ban yi masa faɗa ba, taimako ya yi niyya. Amma irin waɗannan manhajoji suna ɗaukar tarihin fayilolin da mutum ya buɗe a matsayin shara, alhali ni a wurina shi ne igiyar da nake bi na gane aikina.

Na shiga saituna, sashen Personalization, daga nan Start. Ga makunnin nuna abubuwan da aka buɗe kwanan nan, a kashe. Na kunna. Abin da ya ɓata min rai a nan shi ne, kashe shi ba ɓoye jerin kaɗai yake yi ba, shafe shi yake. Kunnawar sabon lissafi take farawa. Na buɗe takardu biyu a Word, suka bayyana a sandar, na ce alhamdu lillahi.

Excel ne ya ƙi. Na buɗe fayil uku na rufe, ko ɗaya bai fito ba. Nan na fi daɗewa. Windows tana ajiye waɗannan jerin a wata ɓoyayyar folda da ba a ganinta ta hanyar lalube, sai an rubuta adireshinta. Na danna maɓallin Windows da R, na rubuta %AppData%\Microsoft\Windows\Recent\AutomaticDestinations. Cike take da ƙananan fayiloli masu sunayen lambobi da haruffa, kowace manhaja da nata. Idan na wata ya lalace, jerinta sai ya tsaya cak. Da ido ba zan gane wanne ne na Excel ba, don haka na yanke shawarar kwashe su duka. Na yi jinkiri kafin nan, domin abubuwan da mutum ya maƙala da hannunsa su ma a ciki suke, har da foldojin da ke gefen File Explorer, wato tagar lalubo fayiloli. Na rubuta sunayen abubuwan da na maƙala ɗaya bayan ɗaya, na mayar da fayilolin wata folda maimakon na goge su, sannan na fita daga asusuna na sake shiga.

Na buɗe fayil guda a Excel, na rufe, na danna dama. Ga shi nan shi kaɗai a jerin.

Da yamma na zauna da takardata na sake maƙala foldoji shida da rahoton. Da ƙanena ya dawo muka cire manhajar tare, na buɗe masa nasa asusun a kwamfutar, tunda kowane asusu da nasa jerin. Rahoton kuwa shafi ɗaya kacal na ƙara masa yau, sai gobe da safe in Allah ya kai mu.